Kuka da Kuɓewa

Ina so ka kawo abu biyu a ranka, waɗanda ka sani tun kana ƙarami. Na fari ita ce tsohuwar kukar da take tsaye a bakin gari, wadda mutum goma ba za su kewaye ta da hannuwansu ba, wadda kakan kakanka ya tarar da ita kamar yadda kai ma ka tarar. Na biyu kuwa kuɓewar da mahaifiyarka take shukawa a bayan ɗaki da farkon damina, ta yi fure, ta yi 'ya'ya, kafin hunturu ya kankama ta bushe an tuge ta. Kuka takan wuce shekara 1,000 a raye. Kuɓewa ba ta cika ko shekara guda. Da wani zai tare ka a kasuwa ya ce waɗannan biyu 'yan gida ɗaya ne, da ka ce zolayarka yake yi.

Ga shi kuwa haka abin yake. Masanan tsire-tsire a yau suna lissafta kuka da kuɓewa cikin dangi ɗaya, tare da auduga, da rimi, da rama, da yakuwa, da lalo, da goro, har da koko wanda ake nomawa a kudu. Sun kuma nuna cewa kuka ta fi kusa da kuɓewa da auduga fiye da yadda take kusa da goro, ko da yake goro itace ne kamarta. Ba ganin dama suka yi ba. A rubuce suka karanta shi cikin jikin tsire-tsiren.

Tambayar da wannan al'amari ya tayar mini, wadda nake so mu dube ta tare, ita ce: me yake sa wani ya zama naka? Kamannin fuska ne, ko tushen da kuka fito, ko kuwa wani abu ne dabam da waɗannan duka?

Tun da daɗewa mutane suke ƙoƙarin jera tsire-tsire gida gida, da ido kuma suke yi, gama ba su da wani ma'auni sai shi. A shekarar 1753 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus, wanda mahaifinsa fasto ne, ya fitar da babban littafinsa na sunayen tsire-tsire. Dabararsa mai sauƙi ce ƙwarai. Yakan buɗe fure ya ƙirga 'yan sililan da suke ɗauke da garin fure, masu biyar su tafi wuri ɗaya, masu shida su tafi wani. Ta haka ya kasa tsire-tsire kashi 24. Shi kansa ya san wannan jeri na sauƙin aiki ne kawai, kamar a jera mutanen gari bisa ga tsawon hularsu. Waɗanda suka biyo bayansa suka riƙa duban ganye da 'ya'ya da ƙwaya da fure gaba ɗaya, suka kuma dace a wurare da yawa. Sun gane dawa da gero da shinkafa da masara da rake duk ciyawa ce. Sun gane wake da gyaɗa da ɗorawa da tsamiya zuriya ɗaya ne. Kada mu rena ido, ya yi aikinsa. Amma akwai wuraren da ya tsaya cak, masana suka shekara fiye da 100 suna musu ba wanda ya iya rinjayar wani. Darwin ma, a wata wasiƙa da ya rubuta wa abokinsa Joseph Hooker a 1879, ya koka cewa yadda tsire-tsire masu fure suka bayyana suka kuma yaɗu da sauri asiri ne da ya hana shi sakat.

Abin da ya raba gardamar wani rubutu ne da yake ɓoye cikin kowane abu mai rai, wanda ake kira DNA, ko ƙwayoyin gado. Haruffa 4 ne kaɗai a cikinsa, amma an jera su miliyoyi bisa miliyoyi, uwa kuma takan kwafa wa 'ya'yanta. A wajen kwafar, jefi-jefi akan sami harafi ɗaya ya sauya, sauyin nan kuwa ba ya tsayawa a kan wanda ya faru gare shi, sai ya bi zuriyarsa.

Bari in kawo maka misali daga abin da ka sani. Ka ɗauka a wata ikkilisiyar ƙauye littafin waƙoƙi ɗaya ne tak, mawaƙa kuwa kowa yana kwafa da hannu cikin nasa littafin rubutu. Wani ya tsallake kalma ɗaya a baiti na uku. Duk wanda ya kwafa daga wurinsa zai ɗauki wannan giɓi, cikinsu kuma wani ya ƙara nasa kuskuren, waɗanda suka kwafa daga gare shi su ɗauki biyun. Bayan shekara 30, in ka tattara littattafan nan duka ka shimfiɗa su a tabarma, za ka iya faɗin wanda ya kwafa daga wurin wane ba tare da ka tambayi kowa ba. Launin bangon littafi ba zai gaya maka kome ba, kyan rubutun ma haka. Kurakuran da aka yi tarayya a kansu su ne shaidu. Mai yiwuwa ne mutum biyu su yi kuskure iri ɗaya kowa a gidansa, shi ya sa ba a yanke hukunci da baiti ɗaya, sai an gwada wurare masu yawa.

Wannan shi ne aikin da aka yi wa tsire-tsire. A 1993 Mark Chase da abokan aikinsa 41 suka gwada sashe ɗaya na wannan rubutu, mai haruffa wajen 1,400, a cikin tsire-tsire kusan 500. Sashen nan yana cikin kusan kowane ganye mai kore, gama da shi ne ganye yake kama iskar da yake mayarwa abinci. Daga nan, a 1998, wata ƙungiyar masana ta fitar da sabon jerin dangogin tsire-tsire masu fure bisa ga wannan shaida. Suka sake gyara shi a 2003, da 2009, da 2016, inda suka tsaya a kan dangogi 416. Ka lura da wannan: sau uku suka komo suka ce, ga inda muka yi kuskure.

To, me aka gani?

Ka san bado, mai shimfiɗa ganyensa a kan tafki, wanda ake cin ƙwayarsa da gindinsa, ya kuma ceci mutane da yawa a shekarun yunwa. A ƙasashen Asiya akwai wani fure da ake kira lotas, shi ma cikin ruwa yake, da faffaɗan ganye da babban fure. Duk wanda ya gan su tare zai ce wa da ƙane ne, haka kuma aka daɗe ana rubutawa. Da aka karanta ƙwayoyin gadonsu sai aka tarar ba su haɗa gida ba ko kaɗan. Dangin lotas na kusa manyan itatuwa ne na tudu, waɗanda ake dasawa a bakin tituna a biranen Turai. Ruwa ne ya ba su kama, gama duk wanda zai zauna a tafki dole ganyensa ya koyi iyo. Shi bado kuwa, wanda yara suke tsinka suna wasa da shi, ashe yana ɗaya daga cikin rassa mafi daɗewa a dukan zuriyar masu fure. Reshe ɗaya ne kaɗai ya riga nasa rabuwa, na wani ɗan itace mai suna Amborela, mai ƙananan furanni marasa ban sha'awa, wanda ba ya tsirowa ko'ina a duniya sai a tsibirin Sabuwar Kaledoniya can cikin tekun Fasifik. A 1999 aka tabbatar da matsayinsa. Kafin wannan, in ban da 'yan masana kaɗan, ba wanda ya damu da shi. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba wane ba ne.

Abin ya kuma juya ta ɗaya gefen, inda babu kama amma akwai dangantaka. A dazuzzukan Sumatra da Borniyo akwai wani tsiro mai suna Rafilesiya. Ba shi da ganye, ba shi da kara, ba shi da saiwa. A cikin jikin wata kurangar daji yake zaune kamar zare, sai lokacinsa ya yi ya fasa ya fito da fure wanda faɗinsa yakan kai kusan mita 1, yana warin ruɓaɓɓen nama domin ya jawo ƙudaje. Da yake ya zubar da duk abin da ido zai kama ya gwada, masana sun rasa gidan da za su kai shi. A 2007 aka nuna cewa danginsa na kusa su ne gidan rogo da zurma da tinya, waɗanda furanninsu ƙanana ne har ba ka lura da su. Haka nan gwanda da zogale, ɗaya mai zaƙi ɗaya mai ɗaci-ɗaci, gidajensu wa da ƙane ne, su biyun kuma 'yan'uwan kabeji ne da mastad.

Sai mu komo ga kuka. In ka ɗauki furenta, wannan fari mai reto wanda yake buɗewa da dare jemagu suna ziyartarsa, ka ajiye kusa da furen kuɓewa, za ka ga sililansu sun haɗe a gindi sun zama bututu ɗaya a dukansu biyu. Saboda irin wannan alama masanan dā suka ajiye su kusa da juna, amma a gidaje dabam dabam har 4, ƙwayoyin gado ne suka rushe katangun. Ni kuwa ina ganin iyayenmu mata sun riga kowa jin wannan dangantaka, a tukunya. Miyar kuka tana yauƙi, ta kuɓewa tana yauƙi, ta lalo ma haka, yauƙin nan kuwa gadon gidansu ne. Amma kada ka yi saurin cewa tukunya ta isa alƙali. Karkashi ma yana yauƙi, har ya fi wasu, shi kuwa ɗan gidan riɗi ne, ba abin da ya haɗa shi da kuka sai can nesa. Ido ya ruɗe, harshe ma ya ruɗe.

Na san akwai mai karatun da zuciyarsa ta fara nauyi tun da ya ga sunan Darwin, yana cewa, ina marubucin nan zai kai mu? Ba zan ɓoye maka ba, masanan da suke wannan aiki suna cewa dukan tsire-tsire masu fure, waɗanda irinsu ya haura 300,000, daga tushe ɗaya suka fito, suna kuma lissafta rabuwar manyan rassansu da shekaru fiye da miliyan 100. Masu bi ba su zama baki ɗaya a kan yadda za a fahimci wannan lissafi ba, ba kuwa a 'yan shafuffukan nan za a daidaita su ba. Abu biyu kaɗai zan ce. Na ɗaya, irin shaidar da ta haɗa kuka da kuɓewa ita ce irin wadda ake karɓa sa'ad da ake neman sanin mahaifin yaro. Ba daidai ba ne mu karɓe ta ranar da ta yi mana daɗi, mu ƙi ta ranar da ta dame mu. Na biyu, ban taɓa ganin wanda ya koyi yadda ake jera zare a masaƙa ya komo yana cewa babu masaƙi ba. Mutumin da ya fara gano ƙa'idodin gado, Gregor Mendel, mai hidimar Allah ne a wani gidan sufaye a birnin Brno. Ya yi shekara 8 yana shuka wani irin wake na Turai a lambun gidan, yana ƙirga 'ya'yansa ɗaya ɗaya, ya buga abin da ya gani a 1866, ya mutu ba a kula da aikinsa ba, sai a 1900 aka farga. Bai ga wata gaba tsakanin addu'arsa ta asuba da lissafinsa na rana ba. Mai tsoron abin da za a tarar in an buɗe ganye, ya kamata ya tambayi kansa ko wa yake zaton ya yi ganyen.

Yanzu fa mun zo inda maganar ta shafe ka. Mu ma da ido muke jera mutane. Mukan dubi tsagar fuska, da hasken fata ko duhunta, mu saurari yadda mutum yake karya harshe, mu ji sunansa, nan take mu san layin da za mu sa shi. Yarinya ta kawo wanda take so gida, tambayar fari ba halinsa ba ce, sai a ce, wane yare ne? Za a zaɓi dattawan ikkilisiya, kafin a yi addu'a an riga an ƙirga 'yan ƙasa nawa ne, baƙi nawa ne. Alhali kuwa in aka gwada ƙwayoyin gadon kowane mutum biyu a duniya, fiye da kashi 99 cikin 100 na haruffansu ɗaya ne. Tazarar da take tsakanin bado da lotas, babu ko inuwarta tsakaninka da mutumin da ka fi ƙyama.

Batun ɗan ƙasa da baƙo ma, tsire-tsire suna da abin faɗi a kansa. Rogo, da masara, da gyaɗa, da barkono, da tumatir, duk daga nahiyar Amurka aka kawo su cikin 'yan ƙarnukan nan, yau ga shi ba a miya sai da barkono. Za ka ce to, ban da kuka, ita kam tamu ce tun fil'azal. Iri 8 ne na kuka a duniya: 6 a tsibirin Madagaska, 1 a Ostireliya, 1 kuma ita ce tamu. Wani bincike da aka buga a 2024, bayan an karanta ƙwayoyin gadon dukansu, ya nuna cewa a Madagaska zuriyar ta taso, daga can ta haye teku. Ashe tsohuwar da ake rantsuwa da daɗewarta a bakin gari, kakanninta baƙi ne. Duk wanda ya bi salsalarsa da gaskiya har ƙarshe, zai ci karo da sunan da bai zata ba. Mai karanta Bisharar Matta ya san jerin kakannin da ta fara da shi yana ɗauke da sunan Rahab da na Rut, ba kuwa a cikin Isra'ila aka haifi ko ɗayarsu ba.

Da a nan zan tsaya, da ka tafi da tunanin cewa in dai an gano dangantaka ta gaskiya, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, a nan ma take da wuya.

Dubi ƙuduji, wanda wasu suke kira wuta-wuta, mai kyakkyawan fure ja-ja da yake cinye gonar dawa da gero. Ƙwayarsa kamar ƙura take, gindi ɗaya yakan zubar da dubbai, takan kuma kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 tana jira. Ba ta tsirowa sai ta ji alamar saiwar hatsi kusa da ita, sa'an nan ta manne ta fara tsotsa, tun kafin manomi ya ga kome a sama. Bisa ga salsala, ƙuduji daga gidan mutunci ya fito. Danginsa su ne riɗi, da ɗoɗɗoya, da itacen zaitun. Wannan bai rage wa dawa ko ɗigon azaba ba. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. A 2010 wasu masana suka tarar da wani guntun rubutu cikin ƙwayoyin gadon ƙuduji wanda ba na gidansu ba ne, na gidan dawa ne. Da mai gwaji zai dubi wannan guntu kaɗai, da ya ce ƙuduji ɗan'uwan dawa ne, alhali a wajen tsotso ya samo shi.

Sa'an nan ka dubi gawo. Ba abin da ya haɗa shi da gero, shi ɗan gidan wake ne, gero kuwa ciyawa, rassansu sun rabu tun can farkon labari. Amma gawo yakan kakkaɓe ganyensa da damina, daidai lokacin da gero yake bukatar rana, ganyen ya zama taki, ya kuma komo da inuwa da rani sa'ad da dabbobi suke neman mafaka. Manoman Damagaram da Maraɗi sun san hatsin da yake ƙarƙashin gawo ya fi na fili, shi ya sa suke barin 'ya'yansa su girma a gonakinsu. In ka tambayi gero wane ne nasa, ba zai nemi takardar gwaji ba. Na san itace ba ya zaɓen halinsa, gawo bai yi niyyar alheri ba, ƙuduji bai yi niyyar mugunta ba. Kai ne kake da zaɓi, shi ya sa misalin ya fi nauyi a kanka fiye da a kansu.

Masanan kansu sun ɗanɗana wannan bambanci tsakanin abin da gwaji ya nuna da abin da mutane suka yi da shi. Shekara da shekaru ana kiran bagaruwa da ɗakwara da farar ƙaya da suna ɗaya a littattafan kimiyya, wato Akasiya, tare da itatuwa kusan iri 1,000 na Ostireliya. Ƙwayoyin gado suka nuna ba gida ɗaya ba ne, dole a raba. Har nan babu gardama. Amma wa zai riƙe tsohon sunan? Bisa ga ƙa'idar da aka saba, na Afirka ne suke da shi, gama bagaruwa ce aka ɗaura wa sunan tun farko. Sai aka kai maganar babban taron masana a Biyana a 2005, aka ba Ostireliya, aka sake tabbatarwa a Melbon a 2011, masanan Afirka da yawa kuwa suka ji an yi musu ƙwace. Gwajin bai ce a ba wane ba. Mutane ne suka zauna suka jefa ƙuri'a, alhakin hukuncin kuma a wuyansu yake. Ita dai bagaruwa ba ta fasa jeme fata ba, ɗakwara ba ta fasa ba da ƙaro ba.

Wannan gwaji ya riga ya shigo gidajenmu. Ka ɗauka wani mutum ya yi renon yaro shekara 12. Shi ya raɗa masa suna, shi ya goya shi zuwa asibiti da tsakar dare, shi yake biyan kuɗin makaranta. Wata rana zargi ya shiga, aka yi gwaji, takarda ta fito ta ce ba jininsa ba ne. Ba zan ce masa takardar ƙarya take yi ba, ba kuwa zan ce abin da aka yi masa ƙarami ne ba. An ci amanarsa, yana da ikon ya san gaskiya, wanda kuma ya ce masa ya haɗiye kawai bai san zafin abin ba. Amma da yamma yaron zai dawo daga makaranta ya ce, Baba, sannu da gida. Ka bincika takardar nan gaba da baya, ba za ka sami layin da ya faɗi abin da za a amsa masa ba. Ta ba da labarin inda yaron ya fito. Shekara 12 na ci da sha da zazzaɓi da dariya ba su shiga injin ba, ba kuwa don ba su faru ba. Na ga mutane suna ɗaukar irin wannan takarda kamar ta sauke musu nauyin yanke shawara, suna cewa, ai ba ni na ce ba, kimiyya ce ta ce. Kimiyya ba ta ce a kori kowa ba. Ko mutumin ya riƙe yaron ko ya sallame shi, shi ne ya yi, shi ne kuma zai ba da lissafi.

Haka yake ta ɗaya gefen. Mutum nawa ne suke da 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya a gari ɗaya, ba gwajin da ake bukata, amma shekara 5 ba wanda ya taka ƙofar wani saboda gonar gado? Waɗanda suka ce zumunci a ƙafa yake sun san jini ba ya tafiya da kansa. Sanin dangi yana ƙwace mana hujjar da muke fakewa da ita, ta cewa wannan ba irinmu ba ne. Bayan ya ƙwace ta kuwa sai ya bar mu tsaye a bakin ƙofa, shiga ko juyawa ya rage namu.

Akwai kuma maganar lokaci. A 2024 masana 279 daga ƙasashe da yawa, da jagorancin lambun binciken tsire-tsire na Kew a Landan, suka fitar da salsalar masu fure mafi girma da aka taɓa yi. Maimakon sashe ɗaya na 1993, sun gwada sassa 353 a cikin tsire-tsire fiye da iri 9,500. Ba dukansu aka tsinko ɗanye ba. Da yawa daga ɗakunan ajiya aka ɗauko su, busassun ganye da aka manna a takarda tun zamanin kakanni, har da wanda ya kusa shekara 200 a ajiye. A cikinsu akwai reshen wani itace daga tsibirin Guwadalupe, a yammacin ƙasar Meziko. Masu jiragen ruwa sun saki awaki a tsibirin, awakin suka yi yawa, suka bi kowane sabon tsiro suka cinye, har ya zama tsofaffin itatuwa suna mutuwa babu na bayansu. Rabon da a ga wannan itace a raye tun 1875. An gutsuri ɗan kaɗan daga busasshen ganyensa, aka karanta, aka rubuta sunansa a inda ya dace, cikin gidan zaitun. Reshen yana nan manne a takardarsa, da sunan wanda ya tsinko shi da shekarar a rubuce a gefe.